Awon Mota da Tabarma

A tungarmu da ke bakin ruwa, gaba kaɗan da Wara, babu mai ɓata itace don hira kawai. Wutar da muke kewayewa da yamma wutar aiki ce, ta bandar kifin Kaka Hajo, mahaifiyar Babanmu. Da an idar da sallar magariba sai ta jera tarwaɗa da karfasa a kan waya, ta rufe da tsohon kwanon rufi, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna gadin wuta, kada ta yi harshe ta ƙone mata kifi. Mu jikoki sai mu zagaye ta, hayaƙi yana sa mu hawaye, amma babu mai tashi. Ni Balki nakan zauna a hagunta, ƙanena Nura kuma ya maƙale a damanta don ya fi kusa da kifin da ya karye.

Ban taɓa ganin mutum mai zargi irin Kaka ba. Idan aka sayo mata gishiri sai ta lasa kafin ta yarda gishiri ne. Baƙo idan ya cika doguwar gaisuwa, a hankali za ka ga ta jawo kwandon kifinta kusa da ƙafa. Har rediyo ba ta tsira ba, in ya ce za a yi ruwa sai ta fita ta ɗaga kai ta duba da kanta. Amma duk zarginta bai kai wanda take yi wa motoci ba, musamman masu tsayi, waɗanda sai mutum ya ɗaga ƙafa ya kama ƙofa kafin ya hau. Kowa a tunga ya san dalili, ko dai muna zaton mun sani. A gungu aka haife ta, tsibirin da yanzu yake ƙarƙashin tafki, kuma takan ce mutanen da suka zo gaya musu su tashi a dogayen motoci suka iso bakin gaɓa, ta taga suka yi magana, ba su ko sauko ba. Da wannan muke fassara duk hararar da take yi wa jif.

Baba direba ne, kuma da yake shi ne ɗanta na fari ba ta kiran sunansa, Direba take ce masa. Motarsa wagon ce, irin doguwar nan mai ƙofa a baya wadda ake ɗagawa sama. An ce fara ce a da, amma ni na tashi na same ta launin koko. 'Yan tasha suna kiranta Kwalekwale saboda tsawonta da yadda take kusa da ƙasa. Ranar kasuwar Yelwa sai ya kwantar da kujerun baya, cikinta ya zama fili ɗaya shimfiɗaɗɗe, a jera kwandunan banda tun daga bayan direba har bakin ƙofa. Mace takan sauke kwando daga kanta ta tura ciki ba tare da neman taimakon kowa ba. Akuya ma da ƙafarta take shiga. In zai dawo sai ya tayar da kujerun ya ɗebo fasinja, gishiri da zaren komar kamun kifi suna can baya.

Kada in yi mata ƙarya don ina sonta, Kwalekwale tana da aibinta. Da damina hanyar da ta haɗa mu da kwalta takan zama kwari da tudu, cikin motar ya riƙa gurzar ƙasa, Baba yana runtse ido kamar a jikinsa ake yi. Sau nawa ta bar salansa a hanya, sau nawa muka fito muka tura ta cikin taɓo. Ga shi a shekarun nan ƙananan bas-bas 'yan Kwatano masu ƙofar ja sun fara cika tasha, fasinja kuma suna gudun wagon suna rububinsu. Baba ya fara dawowa da kujeru babu kowa, fuska a ɗaure.

A nan ne Mamman dillali ya shigo rayuwarmu. Mutumin Yelwa ne, mai turare da yawan dariya, makullai kullum suna kaɗawa a yatsansa. Tun ranar farko Kaka ta ce mutumin da yake dariya kafin a yi abin dariya akwai abin da yake rufewa. Da jif ya fara zuwa, baƙa wuluk, ya faka ta a gindin tsamiya, yaran tunga duka suka fito kallo. Ya nuna wa Baba tsayin tayoyinta, ya ce wannan ko rafi ta tarar tsallakewa za ta yi. Ya ce a ba shi Kwalekwale a yi ciko, magana ta ƙare.

Kaka ta tashi. Ɗaki ta shiga ta fito da tabarmarta ta kaba, wadda take kwana a kai, daidai tsawonta da ɗan ƙari.

"Buɗe min bayanta," in ji ta.

Mamman ya buɗe yana murmushi. Bakin but ɗin ya kusa kai mata ƙirji. Ta ɗaga tabarmar da ƙyar ta shimfiɗa, sai rabinta ya hau kan kujera ya lanƙwashe. Aka kwantar da kujerar, duk da haka akwai tudu a tsakiya, tabarmar ta yi doro. Ta naɗe abarta ta saƙala a hammata.

"Motag ga ba ta kwantad da mutum."

"Iya, ai mota ba gado na ba," in ji Mamman. "Zama aka yi cikinta."

"Kai dai ba ka daɗe duniya ba," in ji Kaka, ta juya ta koma wajen kifinta.

Mu yara muka yi ta dariya, muna cewa Kaka barci take so ta riƙa yi a hanya. Jif dai ba ta zauna ba, don da Baba ya kai ta Wara ya dawo ya ga yadda allurar mai ta faɗi, shi da kansa ya mayar wa Mamman makulli. Amma bayan mako biyu sai ga shi da bas mai ƙofar ja, an ƙara mata benci an ɗaure da ƙusa har baya. Wannan kam ta shiga ran Baba. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya zauna a kowane layi. Kaka ta sake fitowa da tabarma, ta leƙa ta ga benci bayan benci babu inda za a shimfiɗa ko zani, ta koma ba tare da ta warware ta ba. Baba ya ce wa Mamman ranar kasuwa mai zuwa za su ƙarasa magana.

A daren nan ne na fara jin tatsuniyar jirage uku. Kaka tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan ta hito ruwa, jiƙe sharkaf." Mu kuma mu amsa, "Ta matso ta sha wuta." Sannan ta gyara itace ta fara.

Wai akwai wani saurayi a wani gungu, mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka ce sai an ƙetare da shi waccan gaɓa wurin mai magani. Ya ɗauko tsohon ya kawo bakin ruwa, ya tarar da jirage uku. Na farko dogo ne a tsaye, gefensa ya fi mutum tsayi, an yi masa zane da fenti, mai shi yana can sama da babbar riga, ba a ganin abin da ke ciki. Na biyu faffaɗa ne cike da benci, mai shi yana ta kiran mutane da baki mai daɗi. Na uku kuwa tsohon kwalekwale ne siriri, ruwa ya kusa bakinsa, yana ƙarnin kifi, mai shi ko ɗaga kai bai yi ba, yana ɗinkin koma. Saurayin ya ji kunyar a ga ubansa cikin ƙarni. Na farko ya gagare shi hawa da tsoho a hannu, sai ya shiga na biyu.

Sai da suka kai tsakiyar ruwa mai jirgi ya faɗi dokarsa. A jirginsa ba a kwanciya. Duk wanda ya kwanta ya zama kaya, kayan da ba a yi cinikinsu ba kuwa ruwa ake jefawa. Saurayin ya zaunar da uban a benci ya tallafe shi da hannu. Can cikin tafiya rai ya yi halinsa, tsohon ya cika a kafaɗarsa. Bai yi kuka ba, don in ya yi za a gane. Ya ci gaba da riƙonsa a zaune, yana yi masa hira, yana nuna masa tsuntsaye, mai jirgi kuma yana waiwayowa yana dubansu da wutsiyar ido. Da suka isa gaɓa tsohon ya sandare a zaune, aka yi aka yi ya miƙe ya ƙi. Shi ne ya zama dutsen nan mai kama da mutum a zaune da ke bakin tsohon gungu, wanda yanzu ruwa ya rufe. Kaka ta ce, "Ta bushe, ta koma ruwa," ta buɗe kwano ta fara juya kifi.

Babu wanda ya yi dariya. Nura ya tambaya ko mai jirgin aljani ne, ta ce a'a, mutum ne mai neman abincinsa, shi ya sa ya fi ban tsoro. Ni kuwa jinin Kaka ne a jikina, tun ina ƙarama ba na haɗiye magana ban tauna ba, kuma wannan tatsuniya ba ta kwanta mini ba. Duk tatsuniyoyinta suna da waƙa, wannan babu. A duk sauran akwai wanda ake yi wa dariya, a nan babu. Kuma da yake a hagunta nake zama, na ga abin da sauran ba su gani ba. Tun daga inda tsohon ya cika har ƙarshen labari hannunta na hagu a lanƙwashe yake a iska, kafaɗarta ta karkata, kamar akwai wani mai nauyi da ya jingina da ita. Dare uku a jere ta maimaita tatsuniyar, kullum hannun yana tashi a wuri ɗaya.

Baba yana jinmu daga inda yake wanke filogi a cikin gwangwanin fetur. A dare na uku ya ajiye gwangwanin ya matso.

"Inna, na san da ni kike."

"Direba, ni tatsuniya nika yi ma yara."

Ya yi mata bayani cikin ladabi. Ya ce fasinja sun guje shi, damina tana cinye masa mota, yara suna girma ga makaranta. Ya ce in don mutanen nan na da ne masu dogayen motoci, ai bas ba jif ba ce. Ya roƙe ta ta faɗi abin da take ƙi a fili. Kaka ta gyara itace.

"Motakka ta, saida ta in ka so," in ji ta. "Amma ran da tat tahi, ni na gama shiga mota."

Baba ya ɗauka fushin tsufa ne, zai wuce. Ranar kasuwa Kwalekwale ta tafi Yelwa ba ta dawo ba. Ba zan zalunci bas ɗin nan ba, ta yi mana rana. Ita ta kai ni sakandare, ita ta kai Nura har ya samu aikin ofis, ita ta sauya mana rufin ɗaki. Amma Kaka ta cika maganarta. Kasuwar Wara a jirgi take zuwa, inda jirgi ba ya kai kuwa ta yafe shi. Bikina da aka yi a Yelwa ba ta je ba, na ji zafin wannan ƙwarai, na daɗe ina riƙe da shi a raina. Ta ci gaba da yi wa ƙannenmu tatsuniya a bakin banda, sai dai ta jirage uku ba a ƙara jin ta ba.

Na girma na gaji sana'arta, ina sayen banda a tungaye ina haɗawa a Yelwa ina turawa kudu. Da hali ya samu na ce zan sayi motar kaina, na huta da wulaƙancin 'yan lodi. Nura ya raka ni wurin masu sayar da motoci, shi a lokacin yana da irin 'yar jif ɗin nan ta zamani, wadda ba ta kai jif ba kuma ta fi ƙaramar mota tsayi. Tun a hanya yake yi mini huɗuba, wai mace mai sana'a kamata ya yi ta hau abin da za a gan ta a sama. Da muka isa dillalai suka yanyame mu, kowa da makulli a yatsa, sai na ji kamar Mamman ne ya hayayyafa. Na fito da kwando ɗaya da na zo da shi, da kuma tabarma. Nura ya rufe fuska don kunya.

Irin tasa na fara gwadawa. Daga waje ƙatuwa, amma da aka buɗe baya sai na ga duk girman a tsaye yake, kwando biyu sun cika ta. Babbar jif tana da wuri, sai dai kafin in ɗora kwando sai na kira namiji, kuma da na tambayi shan manta dillalin ya fara yi mini zancen sanyin iskarta, na san amsar ke nan. Bas ta iyali mai ƙofar ja ta burge ni, gaskiya wanda yake da 'ya'ya da yawa ba shi da kamarta, amma kujerunta sai mutum biyu sun ciccibo su waje, ga lungun gidanmu ba zai ɗauke ta ba. Can a ƙarshen fili na hango wata wagon ruwan toka da babu wanda ya damu ya wanke ta. Da hannu ɗaya na kwantar da kujerun. Na shimfiɗa tabarma ta kwanta lumui, na rufe ƙofa ba ta taɓa bakinta ba. Nura ya ce mutane za su riƙa tsayar da ni a hanya suna zaton motar haya ce. Ya yi gaskiya, har yau ana tsayar da ni. A lokacin in an tambaye ni dalilin tabarmar cewa nake saboda kwanduna, don ni kaina ban gama sanin dalilin ba.

Ba a yi shekara ba Kaka ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, mai duba marasa lafiya na Wara ya ce sai babban asibiti a Yelwa. Ta ce ba ta zuwa. Nura ya je da motarsa, ta leƙa ta taga ta gan ta, ta juya fuska bango. Aka ce mata yanzu asibiti suna da motarsu mai gado, in ta kama za su dawo da ita a ciki, ta ce ita ba ta hawan alkawari. Baba, wanda furfura ta riga ta cika masa gemu, ya ɗauko sifana ya ce yanzu zai kwance bencin bas ɗinsa gaba ɗaya ta kwanta yadda take so.

"Bencin da aka kwance yau, ran kasuwa ana mai da shi," in ji Kaka. "Ni kuwa ban san ranad da za a maido ni ba."

Da Nura ya faɗa mini wannan magana a waya a ranar na gane cewa ba tafiyar take tsoro ba, dawowar ce. Washegari da sassafe na kama hanya. Damina ta ɗauke amma hanyar tana nan da halinta, cikin motata ya gurji ƙasa har sau nawa kafin in isa. Na faka a ƙofar ɗakinta na ɗaga ƙofar baya. Aka riƙo ta ta fito tana haki, ta sa aka ɗauko tabarmarta ta kaba aka shimfiɗa. Ta ce a rufe ƙofa, aka rufe. Ta ce a buɗe. Sannan ta juyo gare ni da idon nan nata na lasar gishiri, ta fara tambaya. Ta wa ce? Ba aro ba? Ba haya ba? Babu dillalin da zai zo gobe ya ce a yi ciko? Na rantse mata tawa ce, na sa mata makullin a tafin hannu. Ta juya shi ta duba gaba da baya.

"To, ku kwantad da ni," in ji ta.

Baba ne ya karɓi tuƙi, ni na takure a baya kusa da kanta. Mun hau kwalta ke nan, tana kallon rufin mota, sai na ji ta ce a hankali, "Ga ta nan ta hito ruwa." Na amsa mata yadda muka saba, ina zaton zafin ciwo ne. Amma wannan karon babu saurayi, babu jirgi.

Mijinta Malam Audu, kakanmu da ban taɓa gani ba, shi ta kai asibitin Yelwa, su biyu kaɗai, Baba yana Kontagora yana koyon tuƙi. Likita ya ce su koma gida, babu sauran abin yi. Suna zaune a tasha suna jiran mota ta cika, ya jingina da kafaɗarta ya cika, babu wanda ya lura. Ya riga ya roƙe ta a binne shi a tunga kusa da 'yan uwansa, tunda kabarin iyayensa ruwa ya ci. Ta san motar fasinja ba ta ɗaukar gawa, shatar mota kuwa ta fi ƙarfinta, kuma in ta buɗe baki a Yelwa za a binne shi cikin baƙi. Sai ta ja masa rawani har hanci, ta ce wa 'yan lodi jiri ne ya kwashe shi, suka taya ta zaunar da shi a benci jikin taga. Da hannun hagu ta riƙe shi tun daga Yelwa har gida. Direban motar yana ta dubansu a madubi, ita kuma tana cewa, Malam ka ga mun wuce gada, Malam ka ga gero ya yi kyau bana. Wata mata ta miƙo masa goro, ta karɓa ta ce zai ci in ya farka. Da suka iso gwiwoyinsa sun ƙi miƙewa. Tana bayan zana tana jin dattawan da suka yi masa wanka suna ta neman ƙarin ruwan ɗumi. Su suka haɗa baki da ita kada a gaya wa ɗansa, wanda ya iso bayan an rufe.

Baba ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya fita ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana dukansu da ƙafa, alhali babu abin da ya same su, sannan ya daɗe tsaye a bayan mota inda ba ma ganin fuskarsa. Da ya dawo ya karkato madubi ƙasa yadda zai riƙa ganinta.

"Inna, mi ya hana ki hwaɗa min tun ran nan?"

"Da na hwaɗa maka, da ba ka ƙara ɗaukar hwasinja hankali kwance. Kowane tsoho yaj jingina sai ka tsaya duba numhwashinai. Kuma da motan nan muka ci."

Ta yi kwanaki a asibiti, har ta ɗan ji sauƙi ta samu ƙarfin zargin ma'aikatan jinya, kowace ƙwaya sai ta shinshina kafin ta haɗiye. Makullin motata yana ƙarƙashin matashinta, ni a babur ɗin haya nake zirga-zirga. Kowace safiya sai ta aike ni in leƙa ko motar tana nan inda aka ajiye ta, in na dawo na ce tana nan, sai ta tambayi Nura don ta tabbatar. Ranar wata Laraba da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Na sa hannu ƙarƙashin matashin na ɗauko makullin, na miƙa wa Baba. A kan tabarmarta muka kwantar da ita, a miƙe sambal, aka rufe ƙofa ba ta taɓa ƙafarta ba. Inda hanya ta lalace Baba ya riƙa bi a giya ɗaya, har masu tafiya a ƙasa suna wuce mu.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar jirage uku tana koya mana gudun masu babbar riga da masu zaƙin baki ne. Yanzu da na kai shekarun da Baba yake da su a lokacin, abin da na riƙe daga cikinta daban ne. Duk abin da mutum zai shiga, yana auna shi ne da ranar da yake da ƙarfi, ya manta akwai ranar da ba zai iya zama ba. Masu sayar da mota ba sa kawo zancen wannan rana, mai saye ma ba ya son ji. Ni kam na daina jin haushin masu tsayar da ni a hanya. Maƙwabta sun san inda za su buga ƙofa in naƙuda ta zo da gardama ko tsoho ya faɗi, kuma akwai tabarma a naɗe a bayan motar kullum. 'Ya'yana suna damuna in sayi jif kamar ta kawunsu, nakan ce musu su jira su yi nasu kuɗin.

Bana da ƙaramar salla na je tunga gaida Baba. Ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni, da sanda yake tafiya. Ina sauke tsaraba na bar ƙofar baya a ɗage, da na juyo sai na gan shi tsaye yana kallon cikin motar. Baba dogo ne, ya fi Kaka da kusan kamu ɗaya.

"Balki," in ji shi, "kujerag gaba, tana matsawa?"

Na zagaya na ja ƙarfen, na tura kujerar har ƙarshe, na kwantar da na baya. Ya miƙa sandarsa ya auna daga bakin ƙofa zuwa ciki, ya ƙara da tafin hannu. Sannan ya gyaɗa kai, ya ce in rufe kada kaji su shiga.